Abin da Aka Ɓoye wa Gogo

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. A aji huɗu na bar firamare, lokacin da mahaifiyata ta rasu, kuma har yau idan aka miƙo mini biro a gaban mutane sai tafin hannuna ya jiƙe. Amma satin da ya wuce, a shagon ɗinkin da nake aiki a Jimeta, wata mata ta ce da ni jahila saboda ban san sunan wani sabon leshi ba. Na ci gaba da taka keke ina tuna Gogo, wadda ita ce ta fara gaya mini cewa irin waɗannan kalmomi ba a zuba su a kwano ɗaya.

Sunana Hafsatu. A Mubi aka haife ni, Babana facin taya yake yi a bakin tasha. Shekarar da 'yan bindiga suka shiga garin muka fito da ƙafa, ni da shi. A wata mararraba wani mai a-kori-kura ya tsaya ya ce mata da yara kawai zai ɗauka. Baba ya ɗaga ni ya ɗora a kan buhunan masara, ya ce zai biyo baya. Bai biyo ba. Ko kuma ya biyo ta wata hanya. Har yau ban sani ba.

A Yola aka sauke mu a wata makaranta da aka mayar sansani. A can wani mutum mai rigar aiki ya tambaye ni ranar da aka haife ni, na ce ban sani ba. Ya juya ga abokinsa ya ce, "Ka gani ko? Jahilci ne ya gama da mu." Da yamma kuma sai na ji rediyon wani tsoho yana cewa jahilci da duhun kai ne suka sa waɗancan mutanen suka ɗauki bindiga. Na zauna ina mamakin yadda kalma ɗaya za ta ɗauke ni tare da waɗanda suka kore ni daga gidanmu.

Na yi wata da watanni a sansanin kafin Alhaji Zubair ya zo. Ma'aikacin gwamnati ne, a unguwar Shagari Low Cost yake zaune da iyalinsa. Yarinya yake nema da za ta zauna da mahaifiyarsa a tsohon gidansu na Wuro Hausa. Aka kawo mu mu uku gabansa.

"Kin san wani a Yola?" ya tambaye ni.

"A'a."

"Kina jin Fulatanci?"

"A'a."

"Kina da surutu?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Wannan nake so." Na ɗauka kunyata ce ta burge shi.

Kowa Gogo yake ce mata, har 'ya'yanta. Hawan jini ya taɓa kayar da ita, ɓarin jikinta na hagu ya yi nauyi, idanunta kuma sun yi yana, inuwa kawai take gani. Amma kunnenta da bakinta lafiya lau. Hausarta irin ta tsofaffin Yola ce, ba ruwanta da mace ko namiji, ko da kai take magana "ya" za ta ce, kuma ba ta taɓa kirana Hafsatu ba, sai Hapsatu.

'Ya'yanta biyu ne. Zubair, wanda na koyi kira Bappa, da autanta Hamman, mai fataucin busasshen kifi. Tun ranar farko ta ba ni labarinsa. Ta ce da hanya ta lalace ya tsallaka Garwa, cikin Kamaru, aka rufe iyaka da shi a can. Wayar can ba ta shiga sosai, sai dai wani lokaci ya samu yayansa ya ce a gaishe ta.

"Hapsatu, an ce an buɗe hanya. Ya ji labari?"

"Ban sani ba, Gogo."

"Mi anndaa, mi anndaa," ta kwaikwaye ni da Fulatanci tana dariya. "Yarinya nan kalma ɗaya aka haife shi da shi."

Duk ranar Juma'ar da Bappa zai zo, sai ta sa ni in haɗa wa Hamman saƙo. Kuka, daddawa, yaji, wani lokaci man shanu a kwalba. Ta ce yaron ba ya iya cin miyar da ba daddawar gida. Ni nake ƙullewa a tsohon zane, da irin ƙullin da ta koya mini, a naɗe bakin a cusa shi ciki. Bappa ya karɓa ya sa a bayan mota, ya ce akwai direban da zai kai.

Gidan babba ne, amma shiru. Ni da ita ne kawai, da kaji, da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Matan unguwa sukan leƙo su gaishe ta daga bakin ƙofa, "Jam na, Gogo?" Kafin ta gama amsawa sun ce sun bar tukunya a wuta. Babu mai zama. Takan ce, "Da gidan nan sai ka rasa wurin ajiye takalmi. Yanzu na tsufa, na fara wari." Ni ma babu mai yi mini magana. Idan na je ɗiban ruwa, matan sukan yi shiru har in cika bokiti in tafi.

Mai zuwa ta zauna ita ce Yusrah, 'yar Bappa, da take jami'a. Takan kawo na'urar awon jini. Wata rana ta ce in ɗaura wa Gogo, na ɗaura a juye. Ta yi dariya har tana riƙe ciki.

"Gogo, ina kuka samo wannan bagidajiyar? Wallahi jahilcinta ya yi yawa."

"Ke kuma fa? Ya iya dama kunu?"

"Ina ruwana da kunu, tsohuwa? Ni karatu nake yi."

"Karatu! Shekaran jiya ya dafa mini shinkafa kamar tsakuwa. Wanda zai aure ki ya shirya haƙori."

Suka yi ta yi, jika da kaka. Ni na koma bayan ɗaki na tsaya. Da Yusrah ta tafi Gogo ta kira ni.

"Ya yi kuka?"

"A'a."

"Ƙarya. Ina jin hancinki. Zauna."

Na zauna a bakin gadonta. Ta ce bagidaje ba zagi ba ne mai zafi, mutum ne da bai fita ya ga gari ba, ranar da ya fita ya warke. Ta tambaye ni ko an taɓa ce mini daƙiƙiya. Na ce malaminmu na aji uku kullum haka yake ce mini. Ta ce daƙiƙi shi ne wanda aka koya wa, aka sake koya wa, abin ya ƙi shiga, ni kuwa sau ɗaya ta nuna mini ƙulli na iya, don haka malamin ne ya kamata a bincika. Wawa kuma ya sani sarai, amma sai ya aikata abin da ya san zai cuce shi. Ta ce marigayi mijinta ya taɓa sayar da saniya mai ciki don ya sayi rediyo.

"To jahili fa, Gogo?"

Ta taɓa carbinta. "Wannan babba ne. Ba a jefa shi haka kawai. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma ban yarda a ce mini jahila ba. Jahili bai sani ba, kuma idan ka zo gaya masa sai ya yi fushi. Ke idan aka gaya miki, ya yi fushi?"

"A'a."

"To rashin sani ne kawai. Kowa yana da nasa. Tashi ki duba kajin nan."

Wannan maganar ta zauna mini. Na yi kwanaki ina jin kaina kamar wadda aka sauke wa kaya.

Ana saura 'yan kwanaki a fara azumi na biyu da na yi a gidan, Bappa ya aiko in je Shagari in karɓo wa Gogo gero da sukari. Matarsa ta ce in shiga sito in ɗauko buhun da ke bayan ƙofa. Na shiga, na jawo buhun. A bayansa na ga tsofaffin zannuwan Gogo, a jibge har kusan gwiwata. Duk ƙullina ne, bakin a naɗe a cushe ciki. Babu wanda aka kwance. Ɓeraye sun huda wasu, kuka ta zube a ƙasa ta yi baƙi, wata kwalbar man shanu ta fashe.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Muryar Yusrah na ji a bayana.

"Au, sai yau kika gane? Duk Wuro Hausa sun sani, ke da kike kwana a gidan ba ki sani ba." Amma wannan karon ba ta yi dariya ba.

Bappa ya kira ni falo. Bai ce in zauna ba, shi ma bai zauna ba. Ya ce an tare motarsu Hamman a hanyar Madagali tun kafin in zo Yola, an kashe shi tare da wasu, mutanen wani ƙauye suka binne su. A lokacin Gogo tana asibiti. Likita ya ce duk abin da zai girgiza ta zai iya tafiya da ita. Aka ce a bari ta ji sauƙi, sannan a zo da Modibbo, limamin unguwa, a gaya mata yadda ake yi. Ta ji sauƙi, sai aka ce a bari bayan Salla. Haka abin ya yi ta tafiya.

"Shi ya sa na ɗauko ki," ya ce. "Wadda ba ta san komai ba, bakinta ba zai suɓuce ba. Ki ci gaba yadda kike. Idan ta tambaye ki, ba ki sani ba."

Na ce to. Na ɗauki gero na hau keke napep na koma.

Daga ranar komai ya canza, ko da yake babu abin da ya motsa daga wurinsa. Na gane dalilin da mata suke gudu daga bakin ƙofa. Ba wari Gogo take yi ba, tsoron bakinsu suke ji. Na gane shirun da ake yi mini a bakin famfo. Kuma kalmar "ban sani ba" da nake faɗa da zuciya ɗaya ta zama abin da sai na haɗiye yawu kafin ta fito.

Juma'a ta zo, ta ce in haɗa saƙo. Na haɗa. Ta ce in ƙara dabino saboda azumi. Na ƙara.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin addu'a. Nakan shimfiɗa dardumata kusa da gadonta. Ita tana cewa Allah ya tsare Hamman, ya buɗe hanya, ya dawo da shi lafiya. Ni kuma ban san wacce zan yi wa Baba ba. Idan na ce Allah ya jiƙansa, sai in ji kamar na binne shi da ransa. Idan na ce Allah ya dawo da shi, sai in ji tsoron yana kabari yana jiran wata addu'ar. Sai in yi duka biyun. Mu biyu a ɗaki ɗaya, kowa da wanda ya ɓace masa. Nawa babu mai iya gaya mini. Nata kuwa amsar tana bakina, taku biyu daga kunnenta.

Wata rana ina taje mata kai na tambaye ta, "Gogo, wanda bai sani ba saboda an ɓoye masa fa? Me ake ce masa?"

"An ɓoye masa me?"

"Ko mene ne."

Ta ɗan yi tunani. "Wannan ba shi da suna. Ba shi ya yi komai ba. Mai ɓoyewa ne yake da suna." Sai ta ce in bi a hankali, ina ja mata gashi.

A cikin azumin nan ta fara sauyawa. Ta rage ambaton iyaka da hanya. Wani ɗan maƙwabta da ya daɗe a Garwa ya dawo, ta ji muryarsa ta katanga. Ta aika a kira shi, aka ce ya fita. Ta sake aikawa, aka ce ba shi da lafiya.

"Ɗan mutane ya dawo," ta ce. "Hanya ya buɗe masa shi kaɗai?"

Ranar Salla na yi mata wanka, na sa mata sabon zane da turare. Ta sa na ajiye wayarta a kan cinyarta tun safe. Bappa ya zo da iyalinsa bayan Idi, aka ci abinci, aka yi hoto. Ta tambaye shi labarin Hamman. Ya ce Hamman ya kira shi da asuba, layin yana yankewa, ya ce a yi mata barka da Salla.

"Kai yana samunka," ta ce. "Ni ba ya samuna."

Bappa ya dubi agogo ya ce akwai gidajen da za su shiga.

Bayan la'asar gidan ya koma shirunsa. Ana jin yara a waje suna yawon Salla. Gogo ta ɗauki wayar da hannunta mai lafiya ta miƙo mini.

"Kai shi cikin akwati."

Na kai. Da na dawo ta ce, "Hapsatu, kada ki ƙara haɗa saƙo. Kada a ƙara kiran sunan yaro nan a gabana. Na ɗauke shi wata tara, na shayar da shi ina zazzaɓi. Ina kwance a nan kamar itace, ko muryarsa ya hana ni. Ya samu mata a can, ya samu kuɗi, ya manta. To ni ma na cire shi daga addu'ana. Ban yafe ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi.

"Gogo, kada ki ce haka. Wataƙila yana da uzuri."

Ta juyo da fuskarta wajen muryata. "Ke ya san uzurinsa?"

Na tuna likita, na tuna Bappa a tsaye a falo, na tuna ba ni da wani wurin zuwa idan aka ce in bar gidan.

"Ban sani ba," na ce.

"To ki yi shiru."

Da magariba na saurara. Ta yi wa mijinta addu'a, ta yi wa Zubair da 'ya'yansa, ta yi mini, har Babana ta sa a ciki kamar yadda ta saba. Ta shafa. Ba ta ambaci Hamman ba.

Washegari da na idar da sallar asuba na dama mata kunu na rufe, na ce zan je in dawo. Na taka har bakin titi kafin in samu keke napep. A hanya na yi ta maimaita abin da zan faɗa, yana gudu daga kaina.

Na sami Bappa a ƙofar gida yana wanke mota da kansa, ya naɗe hannun riga. Na durƙusa na gaishe shi.

"Lafiya? Jikin nata ne?"

"Jikinta lafiya, Bappa."

"To me ya fito da ke da sassafe?"

Na kalli tayar motar, don ba zan iya kallonsa ba. "Na zo in ce ba zan ƙara ce mata ban sani ba."

Ya ajiye soso. "Me kika ce?"

"Ba ni zan gaya mata ba. Ba a bakina ya kamata ta ji ba. Amma idan ta sake tambayata, ba zan ce ban sani ba."

"Ke likita ce? Kin san abin da hawan jini yake yi? Idan ta faɗi ta mutu, ke za ki ɗauki alhakin? Yarinya, daga sansani na ɗauko ki fa."

"Haka ne, Bappa. Ko za ta mutu ko ba za ta mutu ba, wannan kam ban sani ba. Amma jiya bayan kun tafi ta ce ta cire shi daga addu'arta. Ta ce ya manta da ita, ba ta yafe masa ba. Da magariba ba ta kira sunansa ba."

Ruwa yana ta zuba daga tiyo yana bin ƙafarsa. Yusrah ta leƙo daga ƙofa da buroshi a baki, ta gan mu, ta koma. Ya je ya kashe famfo, ya dawo ya zauna a kan dakali, ya rufe fuska da jiƙaƙƙun hannuwansa.

"Haka ta ce? Ba ta yafe ba?"

"Haka ta ce."

Na jira. Gwiwata ta fara ciwo a kan tsakuwa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Koma gida. Ki ba ta maganinta da wuri. Zan biya in ɗauko Modibbo, da wata nas da na sani."

Na koma Wuro Hausa. Na ba ta kunu, na ba ta magani. Na share tsakar gida tun daga zaure har bayan ɗaki. Na fito da tabarmin da ke gidan, ba su da yawa, sai na shiga maƙwabta aro. Matar gidan ta dube ni, ta dubi tabarmin da ke hannuna, ba ta tambaye ni komai ba. Ta ɗauko nata ta ba ni, ta jawo mayafinta.

Ina shimfiɗawa a ƙarƙashin darbejiya Gogo ta kira ni daga ɗaki.

"Hapsatu, tabarma nake ji? Wa zai zo?"

"Bappa ne, da Modibbo."

"Modibbo? Jiya aka yi Salla. Lafiya?"

Na shiga na zauna a bakin gadon, na kama hannunta mai lafiya.

"Magana za su gaya miki, Gogo."

"Ke ya san maganar?"

"Na sani."

Ta riƙe hannuna da ƙarfi, ba ta ƙara tambaya ba. Muka zauna a haka har muka ji tsayuwar mota a waje.